Kuɗin Da Ke Kan Allo Da Kuɗin Da Ke Hannu

Wani tsohon agogon hannu ne ya fara kai ni shafin gwanjo na intanet, irin agogon nan da ba ya amfani da batir, wanda sai an murza ɗan kan da ke gefensa kowace safiya kafin ya ci gaba da aiki. Na daɗe ina neman irinsa, kuma da na gan shi cikin hotuna shida tare da bayanin da mai shi ya rubuta, sai raina ya biya. Matsalar ita ce mai agogon yana wata ƙasa, ban taɓa jin muryarsa ba, kuma sunan da yake amfani da shi a shafin ba shi ne wanda aka raɗa masa ba. Ni ma haka nake a wurinsa. Idan na riga shi aika kuɗi, babu abin da zai hana shi yin shiru, idan kuma shi ya riga ni aiko da agogo, babu abin da zai hana ni yin haka. A wannan giɓi ne kamfanonin biyan kuɗi ta intanet suka kafa sana'arsu, kuma ban gane yadda suke cike shi ba sai da na tsaya a ɓangarorin biyu, na saya, daga baya kuma na sayar.

Kafin in taya komai sai da na buɗe asusu a wani kamfanin biyan kuɗi da shafin yake hulɗa da shi. Na ba da sunana da adireshina da imel da lambar waya, sannan na haɗa asusun da katin bankina. Na ɗauka shi ke nan, amma sai kamfanin ya nuna cewa bai gamsu tukuna ba cewa katin nawa ne. Ya cire wani ɗan kuɗi kaɗan daga katin, kuma a cikin bayanin cirewar da ya fito a bankina akwai wata lamba mai alƙaluma huɗu a gefen sunan kamfanin. Sai da na kwafo wannan lamba na shigar da ita a asusun sannan aka ce an tantance ni, aka kuma mayar mini da ɗan kuɗin. Dabarar tana da sauƙi amma tana da ma'ana, domin wanda ya tsinci kati zai iya karanta lambobin da ke jikinsa, amma ba zai iya leƙa bayanan asusun mai katin a banki ba. Wanda ya haɗa asusun bankinsa kai tsaye kuwa, sukan juya masa abin, su tura masa ƙananan kuɗi sau biyu su ce ya faɗi adadinsu.

Tayin kansa bai ɗauki lokaci ba. Mutum yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne, shafin ya ɓoye wannan adadi, sai na'ura ta riƙa yin tayi a madadinsa da kaɗan-kaɗan, ba ta ƙarawa sai wani ya haura shi. A daƙiƙun ƙarshe wani ya taya sau biyu a jere, amma bai kai iyakar da na ajiye ba, saboda haka agogon ya zo hannuna a kan abin da ya ɗara tayinsa da kaɗan. Daga wannan lokaci tayina ya zama alkawari, kuma shafin ya ba ni 'yan kwanaki in biya, in ba haka ba a soke cinikin a kuma rubuta a kaina cewa na ci gwanjo na ƙi biya.

Da na danna maɓallin biya, bankina ya turo mini lambar sirri ta waya domin ya tabbatar ni ne, na shigar da ita, kuma kafin minti ɗaya ya cika allo ya nuna cewa an biya. A lokacin na zaci kuɗina sun tashi daga asusuna sun faɗa aljihun mai agogo. Ba haka abin yake ba. Abin da ya faru cikin waɗannan daƙiƙu shi ne kamfanin ya aika tambaya ga bankina ta layin kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard, yana neman ya san ko katin yana aiki, ko akwai isassun kuɗi, ko kuma akwai alamar sata. Banki ya amsa da amincewa ya ware kuɗin a gefe, amma ainihin musayar kuɗi tsakanin bankuna takan biyo baya ne da kwana ɗaya ko biyu. Kamfanin ya dogara da wannan amincewa ya sanar da mai sayarwa cewa zai iya shirya kaya. Shi kuwa mai agogon bai ga lambar katina ba ko sau ɗaya, iyakar abin da ya gani shi ne sunana da adireshin da zai aika kaya da adadin da aka biya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa mai saye ya fi son bin ta hannun kamfani a kan ya miƙa lambobin katinsa ga duk baƙon da ya yi ciniki da shi.

Akwai wani ƙaramin layi a shafin biyan da na kusa tsallakewa. Da yake an sa farashin agogon da kuɗin wata ƙasa ne, dole wani ya yi canji, kuma an ba ni zaɓi: ko kamfanin biyan ya canza da kansa ya nuna mini adadin nan take, ko a bar wa bankina ya canza. Kowannensu yana ɗora ribarsa a kan farashin canjin, kuma wannan riba ba ta fitowa a matsayin caji daban, tana ɓoye ne a cikin farashin kansa. Na tsaya na kwatanta biyun kafin in zaɓa. Bambancin bai yi yawa ba a kan agogo ɗaya, amma wanda ke saye kullum zai ji shi a ƙarshen shekara.

Wannan sauƙi da na samu bai daɗe a duniya ba. Lokacin da Pierre Omidyar ya buɗe shafin da ya zama eBay a Amurka a shekarar 1995, da sunan AuctionWeb, wanda ya ci gwanjo yakan rubuta cek ko ya sayi takardar kuɗi ta gidan waya ya saka a ambulan ya aika, mai kaya ya jira ta iso, ya kai banki, ya jira banki ya tabbatar, sannan ya aika kaya. Ciniki ɗaya yana iya cin makonni. Kamfanin biyan kuɗi na PayPal ya samo asali ne daga wani kamfani mai suna Confinity da aka kafa a 1998, wanda ya haɗe da X.com na Elon Musk a 2000, kuma masu gwanjo ne suka fi kowa rungumarsa, domin ya ba su damar tura kuɗi da adireshin imel kawai. eBay ya sayi wani kamfanin biyan kuɗi mai suna Billpoint a 1999 don ya zama nasa, amma jama'a suka ci gaba da bin PayPal, har a 2002 eBay ya saye shi a kan dala biliyan 1.5. Sun rabu a 2015, kuma daga 2018 eBay ya fara karɓar biyan da kansa tare da kamfanin Adyen na ƙasar Holan, yana tura wa masu sayarwa kuɗinsu kai tsaye zuwa banki. Don haka a yau wani shafin yana riƙe da gwanjo da biya duka a hannu ɗaya, wani kuma yana barin biyan ga wani kamfani dabam, amma aikin da ake yi a tsakiya iri ɗaya ne.

Na manta ban faɗi wani abu ba. Jim kaɗan bayan na ci gwanjon, kafin in biya, mai agogon ya aiko mini da saƙo cikin ladabi yana cewa zai rage mini wani abu idan na tura masa kuɗin ta hanyar da kamfanonin suka ware don aika wa dangi da abokai, maimakon hanyar sayen kaya. Dalilinsa a fili yake, ta wannan hanya ba a cire masa la'ada. Ban ɗauke shi macuci ba, kuma har yau ban ɗauke shi haka ba, amma na ƙi. Kuɗin da aka tura a matsayin kyauta ga aboki ba su da wata kariya, domin a idon kamfani babu kaya, babu ciniki, balle a yi maganar kayan da bai iso ba. La'adar da yake gudu ita ce kuɗin alƙalin da zai tsaya tsakaninmu idan rigima ta taso. Bai ja maganar ba, ya aiko da lambar bin diddigin kaya bayan kwana biyu, kuma agogon ya iso kamar yadda aka bayyana shi, har da ɗan karce a murfin baya wanda ya nuna a hoto na biyar.

A matsayin mai saye ban ga aibin tsarin ba ko kaɗan. Sai da na sa wata tsohuwar kyamarata a gwanjo bayan 'yan watanni sannan na ga ɗaya fuskar.

Tun kafin a bar ni in karɓi kuɗi aka nemi abin da ba a nema ba lokacin da nake saye: hoton katin shaidata, da ranar haihuwa, da asusun banki mai ɗauke da suna iri ɗaya da na katin shaidar. Dokokin hana halasta kuɗin haram sun wajabta wa kamfanonin su san wanda suke biya, kuma harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin sunayen biyu yana iya tsayar da komai. Na ɗauki hotunan kyamarar ta kowane gefe, na nuna lambar da ke ƙasanta ƙarara, na rubuta cewa murfin batir yana ɗan sassautawa, domin na riga na fahimci cewa duk abin da ban faɗa ba zai iya zama hujja a kaina. Gwanjon ya yi kwana bakwai.

Wanda ya ci gwanjon bai biya ta shafin ba. Maimakon haka sai wani imel ya shigo mini da tambarin kamfanin biyan kuɗi, da launinsa, da irin rubutunsa, yana cewa mai saye ya biya, amma an riƙe kuɗin har sai na aika kaya na turo musu lambar bin diddigi ta hanyar amsa wannan imel ɗin. Ya kuma ba da wani adireshi dabam da na mai sayen, wai kyauta zai yi wa ɗan'uwansa. Har na fara neman kwali. Abin da ya tsayar da ni shi ne gaisuwar da ke saman saƙon, wadda ba ta ambaci sunana ba, alhali duk saƙonnin gaskiya da kamfanin ya taɓa aiko mini da cikakken sunana suke farawa. Da na duba adireshin da saƙon ya fito, sai na ga an cusa harafi ɗaya a tsakiyar sunan kamfanin. Na rufe imel ɗin ban danna komai a cikinsa ba, na buɗe asusuna da hannuna, na tarar babu ko alamar biya, riƙaƙƙe ko sakakke. 'Yan damfarar sun gina tarkonsu ne a kan wani abu na gaskiya, domin kamfanonin kan riƙe kuɗi da gaske, sai dai riƙon gaskiya a cikin asusu ake ganinsa, ba a cikin imel kawai ba. Na kai rahoto, aka soke cinikin, na miƙa tayin ga wanda ya zo na biyu, ya karɓa ya biya a ranar.

Wannan karon kuɗin sun bayyana a asusuna, amma da wasu abubuwa biyu da suka rage mini murna. Na farko, an riga an cire la'ada, kuma ba a kan farashin kyamarar kaɗai aka lissafa ta ba, har da kuɗin jigilar da mai saye ya biya. Da farko na ga kamar zalunci ne, sai daga baya na gane cewa da ba a yi haka ba, masu sayarwa za su riƙa sa wa kaya farashi kaɗan su loda ribarsu a kan jigila. Na biyu, a gefen adadin an rubuta cewa kuɗin suna riƙe. Ina ganinsu amma ba zan iya taɓa su ba. Dalili shi ne ni sabon mai sayarwa ne, ba ni da tarihin da za a auna ni da shi, kuma idan na kwashe kuɗin na ɓace ban aika komai ba, kamfanin ne zai biya mai saye daga aljihunsa. Wannan ƙa'ida ce da aka sani a harkar, PayPal misali yana iya riƙe kuɗin sabon mai sayarwa har kwana 21, kuma yakan sake su da wuri idan bayanan jigila sun nuna kaya ya isa. Na fahimci hikimar, amma fahimta ba ta hana ni jin nauyin sayen kwali da biyan jigila daga aljihuna ba, alhali kyamarar ta bar hannuna kuma kuɗinta suna bayan gilashi.

Na naɗe kyamarar da kyau, na ɗauki hotonta a cikin kwalin kafin in rufe, na ɗauki hoton kwalin a kan sikeli, sannan na aika zuwa adireshin da ke cikin bayanin biyan, ba wani ba. Wannan sharaɗi ne mai tsauri: mai sayarwar da ya aika kaya zuwa adireshin da aka ba shi ta saƙo ya fita daga kariyar kamfani, ko da mai saye na gaskiya ne ya roƙe shi. Na zaɓi jigilar da ke da lambar bin diddigi duk da ta fi tsada, na shigar da lambar a shafin a daren nan.

Bayan kwana goma sha ɗaya sai ga sanarwa cewa mai saye ya shigar da ƙorafi, yana cewa kaya bai iso ba. Kuɗin da nake sa ran za a saki a makon nan suka sake daskarewa. A nan ne na ga ainihin yadda alƙalancin yake. Babu wanda ya kira ni a waya, babu wanda ya tambayi halina ko na mai sayen, kuma babu ma'aikacin kamfani da ya taɓa ganin kyamarar da idonsa. An ba ni wani ɗan fili in saka hujja, da wa'adin 'yan kwanaki. Na saka lambar bin diddigin, wadda ta nuna cewa an kai kwalin garin da ke adireshin a wata rana da wani lokaci, na haɗa da hoton rasit. Rantsuwa ba ta da gurbi a wannan fili, dogon bayani ma ba shi da amfani sosai. Kamfanin yana duba abin da wani na uku, wato mai jigila, ya rubuta ne, kuma da shi yake yanke hukunci. Kafin ma a yanke, mai sayen ya rubuto yana ba da haƙuri, ya ce an ajiye kwalin ne a ofishin ginin da yake zaune ba a sanar da shi ba, ya janye ƙorafin. Da na aika ta jigila mai araha wadda ba ta da lamba, kuma da bai sami kwalin ba, da an mayar masa da kuɗinsa, ni kuma na rasa kyamara da kuɗi gaba ɗaya, duk da gaskiyata.

Ƙorafin rashin isowar kaya shi ne mai sauƙin karewa. Ɗayan, wato cewa kaya ya iso amma ba kamar yadda aka bayyana shi ba, ya fi wuya ga mai sayarwa, domin a nan lambar bin diddigi ba ta da abin cewa, ta san kwali ya isa amma ba ta san abin da ke ciki ba. Galibi akan ce mai saye ya mayar da kaya da lambar bin diddigi, da zarar ta nuna ya koma sai a mayar masa da kuɗinsa. A ganina ma'aunin ya ɗan karkata wajen mai saye, kuma ba bisa kuskure ba ne, domin shafin da masu saye suke tsoro ba zai daɗe da masu sayarwa ba. Amma sakamakon shi ne mai sayarwa ne ke ɗauke da nauyin hujja, shi ya sa hoton lambar da ke ƙasan kyamarar yake da muhimmanci, don kada a mayar mini da wata dabam a ce tawa ce. A kaya masu tsada ana ƙara matakai. A Amurka eBay yana neman sa hannun wanda ya karɓi kaya idan cinikin ya kai dala 750, kuma a manyan cinikayya akan bi ta kamfanonin riƙon amana irin su Escrow.com, inda kuɗi ke zama a hannun kamfani har mai saye ya karɓi kaya ya duba ya ce ya yarda.

An saki kuɗina bayan an rufe ƙorafin, na ba da umarnin a tura su bankina, suka ɗauki kwana biyu na aiki kafin su shiga, bayan an sake yin canji an sake gutsurar wani abu. Na ɗauka magana ta ƙare, sai da na koma na karanta ƙa'idojin a tsanake na ga cewa ƙofofin ƙorafi uku ne a jere, kuma ba lokaci ɗaya suke rufewa ba. Shafin gwanjo yana da nasa wa'adi, a eBay kwana 30 ne bayan isowar kaya. Kamfanin biyan kuɗi yana da nasa, a PayPal mai saye yana da kwana 180 daga ranar biya don ya ce kaya bai iso ba, da ƙarin kwana 20 bayan buɗe ƙorafin don ya nemi kamfani ya yanke hukunci idan sulhu ya gagara. Bayan waɗannan kuma akwai bankin da ya ba mai saye kati, wanda zai iya janyo kuɗin baya idan mai katin ya ce ba shi ya yi sayayyar ba ko an cuce shi, sau da yawa cikin kwana 120, kuma a nan hukuncin na banki ne, kamfanin biyan kuɗi yana miƙa hujjar mai sayarwa ne kawai. Idan aka janye bayan mutum ya riga ya kwashe kuɗin, asusunsa yakan koma bashi, a nemi ya cike.

Saboda haka na ajiye rasit ɗin jigilar a cikin wani ambulan tare da ranar da wa'adi mafi tsawo zai cika a rubuce a bayansa. Da na buɗe ambulan ɗin bayan wata uku don in duba wani abu, sai na tarar rubutun ya fara dusashewa, domin irin takardar nan ce mai sulɓi da injin kanti ke fitarwa, wadda zafi ke lalata rubutunta. Alƙaluman ƙarshe na lambar bin diddigin da ƙyar ake karanta su. Na koma wayata na nemo hoton da na ɗauka ranar da na aika kwalin, na tura wa kaina shi ta imel, na kuma kwafe lambar da biro a jikin ambulan ɗin.